Ita nake tambaya

Yau Laraba muka shigar da sanarwar aurenmu a ofishin rajista. Mun isa da wuri, ni da Ango da Yaya, kowa riƙe da takardunsa: katin shaida, takardar haihuwa, da ƙananan hotunan nan da ba wanda yake fita da kyau a cikinsu. Layin bai yi tsawo ba, kuma Yaya yana cikin raha har yana tsokanar Ango cewa har yanzu yana da damar guduwa.

Ma'aikaciyar da muka samu dattijuwa ce mai magana a hankali, kuma ita ta warware mini abin da na daɗe ina cakuɗawa. Takardu biyu ne. Ta farko izini ce na a ɗaura auren, kuma ba a bayar da ita nan take, sai an liƙa sunayenmu a allon sanarwa tsawon kwana 21, domin duk wanda ya san wani dalili na doka da zai hana auren ya zo ya rubuta ƙin amincewarsa a littafinsu. Idan ba wanda ya zo, sai a ba mu izinin, amma wajibi ne a yi auren cikin wata uku daga ranar sanarwar, in ba haka ba a koma farko. Ta biyu ita ce shaidar aure, wadda za mu sa wa hannu a ranar tare da shaidu biyu.

Da ta gama bayani sai ta jawo fom, ta dube ni, ta tambaye ni shekaruna. Kafin in buɗe baki Ango ya faɗa. Ta rubuta. Ta sake tambaya ko na taɓa aure, ya ce ban taɓa ba. Ta rubuta wannan ma, amma na lura hannunta ya ɗan tsaya a kan takardar. Da ta zo kan ko akwai kusancin jini a tsakaninmu, ya fara amsawa, sai ta ajiye biro, ta zare tabarau, ta ce, "Malam, da bakinta ta zo. Ita nake tambaya." Yaya ya yi dariya, Ango ya ba ta haƙuri yana murmushi, ita kuwa ko kallonsu ba ta yi ba. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance ni, ta ce, "Ƙanwata, ki dube ni. Da yardarki ake wannan auren?"

Na ce da yardata. Ba ta ɗauki biron nan da nan ba. Ta bar ɗan lokaci ya wuce, kamar mai ba ni fili ko akwai sauran magana, sannan ta mayar da tabarau ta ci gaba da rubutu.

Wannan ɗan shirun nata shi ne ya hana ni sukuni tun rana. Gaskiya na faɗa mata, domin ba wanda ya tilasta mini, ni na zaɓi mutumin nan, kuma da za a sake ba ni zaɓi shi zan ɗauka. Amma tun da aka sa rana an tambaye ni launin kayan da zan sa, an tambaye ni yawan mutanen da zan gayyata, an tambaye ni irin rubutun da nake so a katin gayyata da wurin da za a yi taro, kuma a cikin duk masu ƙaunata ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini tambayar da baƙuwa ta yi mini yau daga bayan tebur. Kowa ya ɗauka amsar a fili take. Wataƙila a fili take, amma na ji daɗin faɗinta da bakina fiye da yadda na zata.

A makaranta na haddace sashe na 16 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, inda aka ce ba a ƙulla aure sai da cikakkiyar yardar masu shirin yinsa, na kuma san an ƙara yarjejeniya a 1962 kan yarda da shekarun aure da yi masa rajista. Don cin jarrabawa na karanta su. Ban taɓa tunanin cewa a aikace abin yana komawa ga mace ɗaya mai tabarau da ta ƙi karɓar amsa daga bakin da ba shi ta tambaya ba. Da na ba ƙawata ta Ingila labari, ta ce su can kwana 28 ake jira, kuma kowa shi kaɗai ake shigar da shi a yi masa tambayoyi. Da farko na ga tsaurin ya yi yawa, daga baya na ga hikimarsa.

A mota Ango ya lura na yi shiru. Ya ce, "Kin ji haushi ne? Na ga kamar kin gaji, na ce bari in sauƙaƙa miki." Na ce na sani, kuma na yarda har zuciyata, domin ba mugunta a cikin abin da ya yi. Sabo ne kawai, kuma sabon ne yake ba ni tsoro, saboda gobe a gaban likita ne, jibi a banki, wata rana a makarantar yara, kuma ba ko'ina za a samu wadda za ta ajiye biro ba. Na faɗa masa kusan haka, cikin lafazi mai taushi. Ya ce ya ji. Yaya ya ƙara sautin rediyo.

Sauran hidimar tana tafiya yadda kuka sani. Tela ya sake ɗaga ranar gwaji. Gwaggo ta aiko da ƙarin sunaye, kuma Umma ta ce ba a mayar wa Gwaggo da suna ko ɗaya, don haka kujeru za mu ƙara. An daidaita kan shaidu, Yaya da abokin Ango, sai dai a riƙa tuna musu su zo da katin shaidarsu.

Ɗazu saƙon Ango ya shigo, yana cewa mai buga kati zai kira gobe kan gyaran ƙarshe, ya ba shi lambata, ni zan amsa masa. Na karanta saƙon na sake karantawa, kuma har yanzu ban tantance ba ko gyara ne yake yi, ko kuwa fushi ne cikin ladabi. Gobe idan mun haɗu wajen duba wurin taro zan tambaye shi.