Yadda na yi fama da ciwon yaushi a gonar tabar Kawu

A Aboabo nake zaune, cikin Kumasi, amma tun da ƙafa ta fara ba Kawuna wahala ni nake kula masa da 'yar gonarsa da ke bayan Offinso, kan hanyar Akumadan. Taba yake nomawa, irin wadda ake dakawa don masu shaƙa, sai tumatir da gauta a gefe.

A daminata ta farko na ga ganye yana langaɓewa da rana, da sassafe kuma ya miƙe kamar ba komai. Abin mamaki, gefe ɗaya na tsiron ne ke yaushi, ɗayan gefen lafiya lau. Na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ashe da hannuna nake kai cutar daga kunya zuwa kunya. Na sayi maganin feshi na fesa, kuɗin ya tafi a banza.

Wani malamin gona ne ya buɗe mini ido. Ya ce, "Malam, samo mini kofin gilashi da ruwa mai tsabta." Ya yanke kara kusa da gindi, ya tsoma bakinsa a ruwan. Cikin 'yan mintoci sai ga wani farin abu yana zirarowa kamar zaren madara. Ya ce wannan ita ce ƙwayar bakteriya mai suna Ralstonia solanacearum, wadda aka fara bayyana ta a Amurka a 1896. A ƙasa take zama shekaru, ta shiga ta raunin saiwa, ko na fartanya ko na tsutsar ƙasa, ta hayayyafa cikin jijiyoyin da ke kai ruwa sama har majinarta ta toshe su. Shi ya sa tsiro ke mutuwa ganyensa na kore, feshi kuma ba ya isa wurinta.

Shi ya ba ni shawarar magani mai rai: ƙwayoyin Bacillus subtilis da Pseudomonas fluorescens, waɗanda ke lulluɓe saiwa su hana muguwar samun wuri. Da Kawu ya ji, ya ce, "Ɗana, yanzu ƙwaya za ka zuba don ta kori ƙwaya?" Karon farko ya kusa cin gardama, domin a gindin waɗanda suka riga suka kamu na zuba, ko ɗaya bai tashi ba.

A nan na gane inda na kauce. Wannan magani riga-kafi ne, dole ya riga cutar isa saiwa. Da damina ta zagayo sai na fara tun daga wurin renon iri: na gauraya shi da ruɓaɓɓen takin kaji, ranar dashe kuma na tsoma saiwar kowane tsiro a ruwansa kafin ya shiga rami, da yamma, rana ta yi sanyi. Ban ajiye shi a rana ba, ban haɗa shi da maganin feshi mai jan ƙarfe ba, don yana kashe shi. Wuƙar da nake cire fure da 'ya'yan kara kuwa, sai na tsoma ta a ruwan bilic kafin in wuce tsiro na gaba. Wanda ya kamu na tuge shi da ƙasarsa na ƙone.

Mutuwar ta ragu ƙwarai a tudu. A kwari, inda ruwa ke kwanciya, taba ta ci gaba da zubewa. Na so in maye gurbinta da tumatir, malamin ya hana ni: taba, tumatir, gauta da barkono dangi ɗaya ne, cutar duk tana cin su. Masara na shuka a wurin, kuma Kawu ya yarda mu bar ta a can shekara uku kafin taba ta koma.