Talata, Ikorodu: Goshi ta kwanta

Ko azkar ban gama ba Baffa ya kira wai in zo garke, saniyarmu Goshi ta ƙi tashi. Jiya da la'asar ta haihu, haihuwarta ta huɗu, kuma ita ce ruwa-biyun Friesian ɗin (irin shanun Turawa masu yawan nono) da muke taƙama da nononta. Na same ta kwance ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a gefen ciki, kunnuwa sanyi ƙalau, ba tuƙa ba kashi. Baffa har ya jiƙa kanwa zai ɗura mata, na ce don Allah Baffa a jira likita. Shi kuma daga Agege yake, gosulon Ketu ya riƙe shi sai wajen tara.

Yana taɓa kunnen ya ce kalsiyam ne ya faɗi a jini. Ba wai babu shi a jikinta ba, yana nan jibge a ƙashi, dakashi ne ya kwashe na jinin lokaci guda, shi kuma sinadarin parathyroid da ke jawo shi daga ƙashi ya sa hanji ya ƙara tsotsa sai ya ɗau kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya kankama, tsohuwar saniya kuwa nata ya fi nawa. Lafiyayyar saniya kalsiyam ɗin jininta na kusan 8.5 zuwa 10 a ma'aunin mg/dL, in ya sauka wajen 5 sai kwanciya. Shi ya sa Bunaji ɗinmu da wuya su yi wannan, nonon nasu bai kai ba.

Ya ɗumama kwalbar ruwan kalsiyam (calcium borogluconate) ya sa ta jijiyar wuya a hankali yana sauraron zuciya, wai in aka yi gaggawa zuciyar ce ke tsayawa. Wallahi kafin kwalbar ta ƙare ta yi gyatsa ta yi kashi, ba a yi awa ba ta miƙe tana rangaji.

Kanwar ce suka yi ta ja da Baffa. Likita ya ce saniyar da ta kwanta haka ba ta iya haɗiya sosai, ɗuri huhu zai tafi, sannan kanwa a makonni ukun ƙarshe na ciki ita ma tana hana jiki jawo kalsiyam ɗin da wuri. Baffa ya ce tun kakanninsa ake ba shanu kanwa. Gaskiyarsa, amma kakannin ba su tatsi Friesian ba, wannan a zuci na faɗa.

An ce kar a tatse ta ƙarƙaf yau, a ba ta bolus, wato babbar ƙwayar kalsiyam ta haɗiya, yanzu da wani bayan awa 12. Masu cikin nan biyu na raba musu wuri, gobe zan shiga Oko-Oba ta Agege in nemo nasu bolus ɗin.