Ruwan da bai sauka a kanmu ba shi ya tare mu a White Rim

Duk shirin da muka yi na zafi ne da ƙishirwa. Jarkoki cike da ruwa, tanki cike da mai, safaya, jak, shebur, ga famit a hannu tunda ko yini ɗaya za ka yi a hanyar sai da shi. White Rim nake nufi, wadda ke cikin gandun Canyonlands a jihar Utah ta Amurka, zagayen mil 100 ne babu kwalta babu gidan mai babu famfo, sabis ɗin waya ma sai dai ka manta da shi.

Gangaren Shafer da kowa ke tsoro mun sauka lafiya lau a ƙaramin giya. Hanyar asalinta masu neman ma'adinin yuraniyom aka yi wa ita a shekarun 1950, tun kafin a mai da wurin gandu a 1964, kuma kana gani ka san ba don jin daɗin direba aka sare ta ba. Amma kyau kam akwai shi, wallahi. Jan dutse ya miƙe sama ta gefe guda, ta ɗaya gefen farin dutsen da hanyar ta ci sunansa ya shimfiɗu sai kawai ya yanke, ka leƙa ka hango kogin Colorado can ƙasa, in ka zagaya yamma kuma kogin Green ne. Mun hau tudun Murphy Hogback mun wuce na Hardscrabble har mun fara cewa ai mun gama da wuya.

To a nan ne fa abin ya faru. Sama a kanmu garau take, rana na dukanmu, hadari can nesa ne bisa tudun Island in the Sky, ko ɗigo ɗaya bai taɓa gilashinmu ba. Muna isowa wani busasshen kwari da hanya ta ratsa ta cikinsa sai muka ji ƙugi kamar tirela na tahowa, kafin mu ankara ja-ja-wur ɗin ruwa ya cika shi, yana jan itatuwa da duwatsu. Dutsen wurin ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a sama gangarowa yake lokaci guda ya taru a waɗannan kwaruruka. Da mun riga shi shiga da ɗan kaɗan, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Wani a cikinmu ya ce mu taka kawai tunda mota mai jan ƙafa huɗu ce. Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba yana ɗaukar ƙaramar mota, 60 kuwa har manyan yana tafiya da su, kuma ba ka ganin ramin da ya haƙa a ƙasa. Janyo mota daga can ya haura dala 1,000, in ma akwai abin janyowa kenan. Komawa baya kuma mai ba zai kai mu ba. Sai muka ja baya zuwa kan tudu muka zauna.

Ruwan ya janye amma ya bar taɓo mai santsi, sai da muka jira ƙasa ta sha iska, muka bi wurin da ƙafa muna caka sanda, sannan muka tsallaka a hankali muka haura ta hanyar fita ta Mineral Bottom, wadda ita ma ruwa ya taɓa yanke ta a 2010 aka yi watanni ba a bin ta.

Don Allah in za ka je, ka riƙa duba sama ta kowane ɓangare ba saman kanka kawai ba, kar ka yada zango cikin kwari komai bushewarsa, ka ɗauki abinci da ruwan da zai kai ka kwana ko ba ka yi niyyar kwana ba. Daga Yuli zuwa Satumba ne aka fi samun irin wannan hadari. Ni dai zan koma in sha Allah, amma sai wajen Oktoba.