Marsandin Baba ta ƙi sulo

Yau Asabar, kuma a gareji na ƙarar da ita.

Tun da hunturu ya shigo motar nan take min wasa da hankali. Da safe sai na murɗa makulli sau uku ko huɗu kafin ta tashi, in ta tashi kuma ba ta sulo, wato ina ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Jiya sau biyu ta mace min a danja, masu adaidaita sahu suna ta danna min oda, ga fitilar ABS, na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki, ta kunno kai. Uwargida tana gefe ba ta ce uffan ba, mayafinta kawai ta gyara. Na gane karatun.

Motar fa ba yarinya ba ce. Marsandi 300E ce ƙirar 1990, wadda ake kira V-Boot saboda yankan murfin but ɗinta, silinda shida, lita uku. Marigayi Baba ya sayo ta ta hannu daga Kwatano, kuma har yau in rana ta daki kujerun sai in ji ƙamshin turarensa. Masu cewa in sayar in sayi ƙaramar Toyota ba ƙarya suke ba, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023. Na dai kasa.

Ina isa yaron garejin ya saurari injin, ya ce, "Yallaɓai, injektan nan mai fesa wa injin mai ya gaji. A cire a sa mata kafireto kowa ya huta." Haka aka yi wa 'yan uwanta da yawa a garin nan, shi ya sa za ka ji wata tana tafe tana tari tana zubar da baƙin hayaƙi. Har na fara lissafin kuɗi sai ga maigidan ya fito daga ƙarƙashin wata mota. Dattijo ne, ya tsufa a kan Marsandi. Ya ce wa yaron, "Kai, matsa ka ba ni wuri." Ya ɗaga bonet ya miƙar da shi tsaye cak, abin da ni mai motar ban taɓa sanin tana yi ba.

Bai ko kalli injektan ba. Bayan batir ya nufa, ya cire wani murfin roba, ya zaro ɗan ƙaramin rile, wato makunnin lantarki, mai fiyus a ka. Fiyus lafiya lau. Da ya buɗe cikin sai ya nuna min dalmar ta tsage, siririyar tsaga kamar gashi. Ya ce, "Alhaji, wannan ne yake ba kwamfutar injin wuta, shi ne kuma na ABS. Injektan motar nan rabinsa aikin ƙarfe ne, ko babu kwamfuta za ta yi tafiya. Amma ƙarin man da take buƙata cikin sanyi, da riƙe sulo, ba mai yi mata." Mai wayarin na kusa ya sake ɗora dalmar, ko minti goma bai yi ba.

Da a nan aka tsaya da na ci riba. Ina! Dattijon ya gano wani ya taɓa cire mata tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, wai don kada ta yi zafi, ya yi ta faɗa kamar ni na cire da hannuna. Ya ce injin da bai ɗumama yadda ya kamata ba mai yake sha a banza. Dole na hau adaidaita zuwa kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa bayan azahar. Na samo tamostat, na haɗa da matatar iska don tsohuwar ta cika da ƙura, sannan rile ɗan Beljiyam na ajiya. Akwai sabo dal mai araha a kwali, amma dattijon ya gargaɗe ni a kansa tun kafin in tafi. Baƙin mai kuwa ya ce a bari sai wani satin.

Gab da magariba na dawo gida, tana sulo shiru kamar ba a kunne take ba. Uwargida ta leƙo ta ce, "An gyara, ko an sake gyarawa?" Ban ba ta amsa ba, don da zafinta motar ta baro gareji. Sai gobe bayan asuba, in ta kwana cikin sanyi, zan murɗa makulli in ji.