Godiya ga waɗanda suka rubuta suka ajiye

Alhamdu lillahi, makin ɗalibanmu ya dawo. Waɗanda suka yi ta kira suna jajanta min tun ranar Talata, Allah ya bar zumunci. Ga yadda aka yi.

Shekara huɗu ke nan ina ajiye sakamakon jarrabawar Islamiyyarmu a wata tsohuwar laftof da ƙanena ya sa wa Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta. Batirinta ya daɗe da mutuwa. Daren Litinin ina cikin kwafe fayiloli aka ɗauke wuta, da safe na kunna ta, sai baƙin allo da ɗan rubutu a sama. Saura kwana biyar walimar sauka, kuma ba ni da kwafi a ko'ina. Jikina ya mutu. Mai gyara na farko da na kai wa ya ce sai dai a goge komai a sa sabo.

Ƙanena ne ya hana. Ya buɗe ArchWiki a wayarsa, wato wata taskar bayanan Linux a intanet, ya nemo shafin da ke bayanin ceto fayiloli, muka zauna a tabarma muna bi layi-layi. Abin da ya fara tsayar da mu shi ne gargaɗin da ke can sama: kada a sake rubuta komai a kan faifan ajiyar kwamfutar da ya samu matsala, a fara ɗaukar cikakken kwafinsa, a yi aiki a kan kwafin. Da na yarda an goge, da shi ke nan. Muka ari babban faifai wurin wani maƙwabci, muka tayar da kwamfutar daga filash, muka bar manhajar kwafe faifai mai suna ddrescue tana kwafa har bayan sallar Asuba.

Daga nan manhajar ceto bayanai mai suna TestDisk ta gano ɓangaren faifan da ya ɓace, akasarin fayilolin suka fito da sunayensu. Ragowar PhotoRec ne ya tono su, amma shi ba ya dawo da suna, sai harafin f da jerin lambobi. Haka maiɗakina ta zauna tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, har na ji ta ce, "Malam, ga na 'yan aji shida!" Wallahi sai da na yi hawaye.

To, godiyata ta musamman ga mutanen da ban san fuskarsu ba. ArchWiki tun 2005 yake, kuma 'yan sa kai ne ke rubuta shi. Sun yi shi ne domin masu amfani da Arch Linux, wani nau'in Linux daban wanda Judd Vinet ya fara a 2002, amma ga shi ni da ba shi nake amfani da shi ba na ci moriya, ba wanda ya nemi sisina ko ya ce in yi rajista. Wani ya taɓa shiga irin tashin hankalina, da ya fita bai tafi da ilimin ba, ya zauna ya rubuta, wani ya zo ya gyara masa kuskure, wani ya ƙara gargaɗin nan da ya cece ni. A wurina wannan sadaka ce mai gudana. Haka Christophe Grenier, Bafaranshen da ya ƙirƙiri TestDisk da PhotoRec ya sake su kyauta, kuma a shafinsa na CGSecurity aka jera matakan da hotuna, su muka bi da muka rikice.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai: duk da Turanci muka karanta, kuma ba don ƙanena ba da ban gane rabi ba. Mun yi shawara ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna mu rubuta matakan da Hausa, mu sa a inda kowa zai samu. Wanda ya iya, ya zo ya taya mu.

Ƙanena, maiɗakina, maƙwabcina mai faifai, da shugaban makarantarmu da ya yi haƙuri bai ɗaga min murya ba, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabata. Walima tana nan ranar Lahadi in sha Allahu, kowa muna gayyata.