Ran jaririn nan daga ina ya zo?

Ranar Asabar mun je barka gidan yayata a Tudun Wada, sanyin Jos na kaɗawa, an naɗe jariri da bargo biyu. Yaro ya ɗan yamutsa fuska kawai sai Mama ta ce wayyo Baba ne ya dawo, ku dubi goshin nan. Ƙanina da ke karatun tauhidi a kwalejin TCNN da ke Bukuru ya ajiye kofin shayi ya ce haba Mama, ai ikilisiya ba ta koyar da haka, daga nan musu ya ɓarke har shayin ya huce.

Ya ce ko Orijin na Iskandariya, wani malamin ikilisiya na dā, da ya koyar cewa rayuka suna nan tun kafin a yi jiki, an yi watsi da zancensa a taron shugabannin ikilisiya na shekara ta 553 a birnin Konstantinoful. Saura ra'ayi biyu a kan inda rai ke fitowa. Wasu sun ce duk cikin da aka ɗauka Allah ne da kansa yake halittar sabon rai, suna kafa hujja da Mai-Wa'azi 12:7 da Zakariya 12:1, nan Jerom, wani malamin ikilisiya na dā, ya tsaya, Katolika ma haka, Paparoma Pius na 12 ya sake nanatawa a 1950. Shi kuwa Tatuliyan na birnin Katej, shi ma malamin ikilisiya na dā, ya ce a'a, rai gadonsa ake yi wurin iyaye kamar yadda ake gadon jini, 'yan ɗarikar Lutaran da yawa suka bi shi.

Ni dai gaskiya na Tatuliyan ya fi kwanta mini. In Allah ne yake yin rai sabo fil, tsarkakakke, to ta wace ƙofa zunubin Adamu da Romawa 5:12 ke faɗa ya shiga? Ga kuma Ibraniyawa 7 inda aka ce Lawi yana jikin kakansa Ibrahim tun ba a haife shi ba, sa'ad da Ibrahim ya ba firist Malkisadik zakka. Ƙanina ya ce kada in yi saurin murna, in rai gado ne to yaya zan yi da Yesu da Maryamu ta haifa ba zunubi? Nan kam na yi tsit. Ashe Agustin ma, babban malamin ikilisiya na zamanin Jerom, wannan ƙullin na asalin rai ya dame shi har ya rubuta wa Jerom wasiƙa a 415 yana neman haske, kuma bai taɓa yanke hukunci ba.

Mama ta gama jin mu ta karɓi jikanta ta ce ku dai kun iya surutu, wani ya miƙo min man zaitun in shafa wa maigidana.