Ƙanina Mai Shirin Zuwa Karatu Italiya, Saurara

Duk wanda ya ce maka Turanci kaɗai ya ishe ka zama a Bolonya tunda da shi ake koyar da kwas ɗinka, rabin gaskiya ya faɗa maka. A cikin aji zai kai ka. Kana fitowa kuwa, mai gidan haya da ma'aikaciyar gidan waya da direban bas duk Italiyanci za su zuba maka. Ni na sauka ban iya komai ba sai gaisuwa, ga kunyar tambaya da na taho da ita daga gida. Waɗannan biyun su suka jawo mini kusan duk wahalar zangon farko.

Fara da takardu. Izinin zama, wanda kowa a can ke kira permesso, kwanakin aiki 8 doka ta ba ka ka nema daga ranar da ka shigo. A gidan waya ake karɓar fom ɗin a kuma mayar, tare da kan sarkin haraji na Yuro 16 da ake saya a shagon taba. Ofishin 'yan sanda sai daga baya, ranar ɗaukar zanen yatsu. Ni yawon kallon gari na yi ta yi, sai da wa'adi ya kusa cika na farga. Rasit ɗin da za a ba ka shi ne shaidarka har katin ya fito, kuma yakan ɗauki watanni. Nawa a aljihun wando na bar shi, ya bi wanki. Ɗauki hotonsa a waya tun kana tsaye a wurin. Ka kuma nemi lambar harajinka, codice fiscale, da wuri, don in babu ita ba haya, ba asusun banki.

Masauki ma aiki ne. Jami'ar garin tun 1088 take, ɗalibai sun cika ko'ina, ɗaki ya yi wuya. Tsoron kwana a titi ya sa na tura kafin alƙalami ga wani da na gani a intanet, bisa hotuna kawai. Har yau ban ga ɗakin ba, ban ga kuɗin ba. Kada ka biya sai ka shiga ɗakin da ƙafarka, an kuma rubuta yarjejeniya mai rajista. Ka lura kuma, tallace-tallace da yawa gado suke haya, ba ɗaki ba.

Abinci kuwa, Bolonya garin naman alade ne. Mortadella, tortellini, miyar taliyarsu da ta yi suna, duk yana ciki. Waɗannan na sani na guje musu. Abin da ban sani ba shi ne ana sa kitsensa a wasu burodi da piadina, wata irin gurasarsu, kuma na ci na ƙoshi kafin wani ɗan Maroko ya nuna mini inda aka rubuta strutto a jikin leda. Da na buɗe baki na tambayi mai shago, da ya gaya mini. Mahautan halal suna unguwar Bolognina, bayan tashar jirgin ƙasa.

Inda na fi shan kashi shi ne jarrabawa. Da yawa daga cikinta ta baka ce. Za ka zauna gaban malami ya yi ta tambayarka, sauran ɗalibai na zaune a baya suna ji. Maki daga 18, wanda shi ne na tsira, zuwa 30. Mu an tashe mu a kan cewa yaro mai tarbiyya yakan sunkuyar da kai gaban malami, ya taƙaita magana. Haka na yi. Na yi hadda sosai, na kawo ta yadda take a littafi, na yi shiru. Malamar ta ce, to me ya sa haka? Na san amsar, wallahi na sani, amma ban taɓa furta ta da bakina ba, sai na kama in-ina ina kallon tebur. Ladabin da nake yi, ita rashin sani ta gani, kuma ba laifinta ba ne. Ta faɗi makin da ta ba ni, na karɓa da godiya. Daga baya na ji cewa ɗalibi na da damar ƙin makin da bai gamsar da shi ba, ya dawo a zama na gaba. 'Yan ajinmu suna yin haka ba tare da kowa ya ɗauke shi rashin kunya ba.

Don haka kafin ranarka, je ka zauna ka kalli jarrabawar wasu, ƙofa a buɗe take. Nemi aboki ku riƙa yi wa juna tambayoyi da ƙarfi. Kowane malami na da lokacin ganin ɗalibai a ofis. Ni ina ganin zuwa can takura wa babba ne, ashe an ware lokacin ne don irina. Dubi malami a ido, yi bayani har sai ya tsayar da kai.

Sai hunturu. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, Azahar da La'asar da Magariba su taru a lokacin darasi, sai ka tsara inda za ka yi salla tun da wuri. Ni sanyi da hazo suka kulle ni a ɗaki, na koma hira da 'yan gida a WhatsApp dare da rana, Italiyancina bai motsa ba. Alhali garin na da rumfunan gefen titi masu tsawon kilomitoci, waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi a 2021, ana tafiya ƙarƙashinsu ruwa bai taɓa mutum. Ɗakin karatu na Salaborsa, daf da Piazza Maggiore, babban dandalin garin, shiga kyauta ne, ga ɗumi, ga jama'a. Sa rigar sanyinka ka tafi can da yamma, kuma ka yi rajistar ajin Italiyanci a makonka na farko, tun kafin gurabe su cika.